Auta Ya Ce Guba Nake Zuba Masa a Kunu

Assalamu alaikum Anti. Da fatan kina lafiya, ya iyali? Na daɗe ina son rubuto miki, tsoron tonon asirin gida ne ya riƙe ni.

Ƙanena ne, autan ɗakinmu, shekararsa 23. Yana aji biyu a jami'a abin ya same shi, yau shekara uku ke nan. Da rashin barci ya fara, da kulle kansa a ɗaki, daga nan sai surutai shi kaɗai, wai ana zaginsa ta cikin bango, ana bibiyarsa ta waya. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, daga ƙarshe Kawunmu ya matsa aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. Likita ya ce sikizofiriniya ce, wani nau'in taɓin hankali. Ya kwanta sati biyar, ya dawo da sauƙi sosai. Bayan wata bakwai ya ce shi lafiyarsa ƙalau, ya watsar da magani. Da muka ga abin na neman dawowa, ni da Umma muka yanke in riƙa daka ƙwayar ina zuba masa a kunun safe. Wata huɗu ina yi. Yanzu ya daina cin duk abin da hannuna ya taɓa, ya ce guba nake zuba masa, an haɗa baki da ni za a kashe shi. Na rantse masa, na yi kuka, ya ce kukan munafunci ne. Anti, yaron nan ni na goya shi.

Baba ya ce iskanci ne da son jiki, ƙato ya kwanta daga ci sai barci, wanka sai an yi faɗa, sallah sai ya ga dama. Kullum da asuba sai an yi ta a gidanmu. Umma kuma ta tsaya kai da fata sammu ne, kuma ta san wadda ta yi, wato abokiyar zamanta. Ko ƙofar gida ba ta barinsa ya leƙa, tana zaune bakin ɗakinsa tana hawaye. Baffanmu ya kawo shawara biyu: ko a kai shi wajen wani malami a ƙauye mai ɗaure irinsu, ko a yi masa aure ya nutsu. Ni kuma bikina saura wata biyar, dangin mijin ba su san komai ba, Umma ta ce kul aka faɗa. Ina zan sa kaina?

Yayar Auta, daga Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Auta lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi.

Da inda ya fi zafi zan fara, don in na kewaye shi sauran maganar ba za ta yi amfani ba. Kin rantse masa ba guba kike zubawa ba, kuma rantsuwarki gaskiya ce. Amma shi ma harshensa bai yi masa ƙarya ba. Ya kurɓi kunu ya ji wani ɗaci-ɗaci da bai saba ji ba. Can an jima jikinsa ya mutu, barci na fizgarsa da rana tsaka, wataƙila wuya ya riƙe. Ya kuma lura ranar da bai sha kunun ba haka ba ta faruwa. Ko ni da ke aka yi wa wannan, sai mun zargi mai damun, balle wanda asalin ciwonsa ma zargi ne. A cikin abu goma da yake faɗa, tara ciwo ne ya raɗa masa. Wannan ɗayan kuwa da hankalinsa ya gano shi, kuma gida guda aka taru aka ƙaryata shi. Daga ranar, da me zai bambance abin da ƙwaƙwalwarsa ta ƙirƙiro da abin da ke faruwa da gaske?

Ba laifi nake ɗora miki ba. Gidaje barkatai sun yi abin da kuka yi, tsoro da ƙauna ne suka sa. Sai dai dubi inda aka kwana: magani ba ya shiga tunda ya bar kunun, abinci ba ya shiga, ke kuma da ya fi yarda da ke a duk gidan kin koma sahun waɗanda yake tsoro. An yi biyu babu.

Saboda haka cikin satin nan, ba bayan biki ba, ki ɗauki katinsa ki koma asibitin da ya kwanta, ko da ya ƙi binki. Ki faɗa wa likita komai, har da kunun, har da tun yaushe ya daina sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da ya zaci yaro na shan magani kullum kuma ciwon na ƙaruwa zai yanke hukunci daban da wanda ya san sati nawa ke nan ƙwaya ba ta shiga jikinsa ba. Ki tambaye shi batun allura mai dogon zango, wadda ake yi duk bayan sati biyu zuwa huɗu. Tana sauke wa gida faɗan "ka sha, ban sha ba" na kowace safiya, kuma in an tsallake rana kowa zai sani.

A wasiƙarki ban ga inda wani ya tambayi Auta dalilin da ya sa ya bar maganin ba. An dai ce ya watsar. Tsofaffin magungunan da aka fi samu a wajenmu saboda araha, irin su chlorpromazine da aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, da haloperidol, suna aiki ƙwarai, amma sukan zo da nasu: sandarewar jiki, karkarwar hannu, dalalar yawu, tafiya kamar an ɗaure mutum, ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya. Akwai kuma abin da saurayi ba zai taɓa faɗa wa yayarsa mace ba, na raunin mazakuta. Ki auna saurayin da jiya-jiya yake jami'a, yau yaran unguwa na ganin yawu na zuba a rigarsa. Sababbin, irin su risperidone da olanzapine, ba su cika sandarar da jiki haka ba, sai dai su kuma sukan kawo ƙiba da yawan ci, wani lokaci har ciwon suga. Duk wannan abu ne da likita ke iya gyarawa, ya rage, ya canza, ko ya ƙara wata ƙwaya mai sakin jiki. Ita wannan ta ƙarshen, wadda ake kira Exol a gari, kada wani mai kemis ya ba ku ita ba da takardar likita ba, don samari sun mayar da ita kayan maye.

Dalili na biyu ya fi wuyar haɗiyewa. Wajen rabin masu wannan ciwo ba sa ganin ba su da lafiya, kuma ba taurin kai ba ne, ciwon ne ya taɓa ɓangaren da mutum ke auna kansa da shi. Idan Auta ya ce lafiyarsa ƙalau, abin da yake ji ke nan har zuciyarsa.

To za ki faɗa masa gaskiyar kunun? A ganina i, bayan kin yi shawara da likita a kan lokaci, ranar da yake a natse, kuma da Kawu a kusa. Gajeriyar magana, ba kuka, ba kare kai: "Auta, ka yi gaskiya, akwai abin da nake sa maka a kunu. Maganin asibiti ne. Tsoro na ji ciwon zai dawo. Ban kyauta ba da na ɓoye maka, kuma na daina." Zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki ba ya kula ki. Amma yaushe rabon da wani a gidanku ya ce masa "ka yi gaskiya"? Kafin nan, a bar shi ya zuba abinci da hannunsa daga tukunyar da kowa ke ci, ko ku ci kwano ɗaya ki fara kai loma. In ya ƙi, a ba shi abin da ya san hannu bai shiga ba: dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ayaba, lemo, burodi a ledarsa, ko a ba shi kuɗi ya je wajen mai shayi. Kada a ce wannan biye wa ciwo ne. Ciyar da maras lafiya ne.

Sai batun muryoyin da yake ji ta bango. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 24 ne ke da wannan lalura a duniya, kuma yawanci a shekarun da ta kama Auta take kamawa, daga ƙarshen ƙuruciya zuwa ashirin da wani abu. Masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa sun ga cewa a lokacin da irinsa ke jin murya, ɓangaren ji na ƙwaƙwalwarsa aiki yake yi, tamkar da gaske wani ke magana. Kin taɓa mafarkin wanda ya daɗe da rasuwa, kuna hira, ko kaɗan ba ki yi mamaki ba sai da kika farka? To shi idonsa biyu yake cikin irin wannan. Shi ya sa "wallahi ba kowa a bangon nan" ba ta kai ki ko'ina. Abin da yake ji a ciki shi ne: ko dai ke ma kina ji kina ɓoyewa, ko kin mayar da shi maƙaryaci. Haka kuma kada ki ce "i, ni ma na ji su" don a zauna lafiya, wannan ƙarya ce ta biyu a kan ta kunu. Tsakiya za ki bi: "Ni ban ji ba, amma na ga kai ka ji, kuma abin ya dame ka. Me suke cewa?" Sai ki yi shiru ki saurara. Tsoronsa gaskiya ne ko da abin tsoron babu shi, tsoron za ki yi wa magana.

Akwai wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Xavier Amador, wanda yayansa ya yi wannan ciwo. Ya shafe shekaru yana gardama da shi a kan ya yarda ba shi da lafiya, ba abin da ya samu sai ɓacin zumunci. Daga baya ya gane ba sai mutum ya amsa sunan ciwo zai karɓi magani ba. Abin da ake nema shi ne wani abu ɗaya da ku biyun kuka yarda da shi. Auta ba zai yarda yana da taɓin hankali ba, amma zai yarda ba ya samun barci, zai yarda yana son komawa makaranta, zai yarda ba ya son a sake kwantar da shi sati biyar. Ta nan za ki shiga: "Mu je ka faɗa wa likita da bakinka abin da maganin nan ya yi maka, ya nemo wanda zai bar ka ka yi barci ka kuma iya karatu." Babu ƙarya a ciki.

Wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Mu mutane ne masu magana a dunƙule. Habaici, gugar zana, karin magana, harara, ƙifta ido, raɗa a kunne, a yi tsit idan mutum ya shigo. Mai lafiya ma sai ya yi da gaske yake warware wasu, ina ga wanda ƙwaƙwalwarsa ke ganin saƙo a cikin kowane tari? Idan mata uku na hira a tsakar gida, ya fito suka yi shiru, shi an gama tabbatar masa da shi ake. A gaban Auta a yi magana a fili, a taƙaice, mutum ɗaya a lokaci ɗaya, buƙata ɗaya a lokaci ɗaya. "Ga ruwa can na kai maka banɗaki" ta fi "mutum dai sai ka ce ba ya jin warin jikinsa" sau dubu. Kuma a daina zancensa a gabansa kamar ba ya wurin, "ya ci?", "ya sha?", alhali ga shi zaune. Shi za a tambaya.

Yanzu Baba da Umma. Zan ba ki labarin wani bincike don ki san abin da zan faɗa ba ra'ayina kaɗai ba ne. A Landan, tun wajen ƙarshen shekarun 1950, wani mai bincike George Brown ya lura da abin mamaki: wasu marasa lafiyar da aka sallama suka koma hannun iyaye ko matansu sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka je zaman haya. Da aka bi diddigi sai aka ga ba komawa gida ce matsalar ba, yanayin gidan ne. Abu uku aka ware: yawan suka, nuna ƙiyayya, da kuma kulawar da ta wuce kima har ta zama shaƙewa. A 1976 wasu masu bincike biyu, Vaughn da Leff, suka fitar da lissafi: cikin wata tara da sallama, a gidajen da ake da sanyin mu'amala 13 cikin 100 ne ciwonsu ya tashi, a gidaje masu zafi kuwa 51 cikin 100. Suka kuma ga cewa a gida mai zafin ma, abu biyu na kare mutum: shan magani, da rage zaman ido-da-ido zuwa ƙasa da awa 35 a sati. Ki lura, ba a ce iyali ne ke haddasa ciwon ba. Ba faɗan Baba ne ya jawo shi ba, ba shagwaɓar Umma ba ce. Amma da ya riga ya zo, zafin gida na iya tayar da shi, sanyin gida na iya kwantar da shi. A gidanku kuwa Baba ya riƙe sukar, Umma ta riƙe shaƙewar, kowannensu kuma so ne ya sa shi.

Abin da Baba ke kira son jiki, rabin ciwon ne wanda ba ya ihu. Kowa ya san surutai da zargi, amma akwai mutuwar zuciya, rashin kuzari, fuska ta daina nuna murna ko baƙin ciki, wanka ya zama kamar hawan dutse. Wannan ɓangaren ya fi daɗewa, kuma magani bai cika ture shi da sauri ba. Ga nauyin barcin da ƙwayoyin kansu ke saukarwa, wanda ke sa tashin asuba ya yi wuya. Shi ma a faɗa wa likita, yakan iya matso da lokacin sha. Game da sallah, Baba ya fi ni sanin hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Abin da Ubangiji Ya sassauta, ba a tayar da unguwa a kansa kowace asuba.

Sai dai ba ke za ki faɗa wa Baba wannan ba. 'Ya ba ta zaunar da uba ta karanta masa. Ki bi ta kan Kawu, ko amininsa, ko limamin masallacinsu, a roƙe shi abu ɗaya tak: ya raka ku ganin likita sau ɗaya. Dattijo kan karɓi magana daga bakin likita wadda ba zai karɓa daga bakin 'yarsa ba. Kuma ki yi masa uzuri a ranki. Mutumin da ya biya kuɗin jami'a yana jiran ranar da zai ce "ɗana ya gama", sau da yawa faɗan nan nasa kuka ne da bai san yadda ake yinsa ba. Cewa "iskanci ne" ya fi masa sauƙi, don iskanci ana daina shi. A ba shi aikin da zai iya: ya leƙa da magariba ya ce "Auta, zo mu je masallaci." In ya taso, su tafi ba nasiha a hanya. In bai taso ba, Baba ya wuce abinsa, gobe ya sake.

Umma kuwa kada ki yi gardamar aljanu da ita, ba za ki ci ba, kuma ba dole sai kin ci ba. Addu'a da maganin asibiti ba kishiyoyi ba ne, suna zama ɗaki ɗaya lafiya lau. Ta yi masa tofi, a karanta masa Alƙur'ani a hankali in yana so. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, da turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da taron ƙarti su danne shi ana yi masa tsawa a kunne "wane ne kai, fita!", da duk malamin da zai ce a ajiye maganin asibiti. Yaron da ke fama da muryoyi, a zo ana kiran muryoyin da suna ana tambayarsu, me aka koya masa?

Abu ɗaya ne dole ki tsaya wa Umma a kai, cikin ladabi amma ba ja da baya: zancen sammu da sunan abokiyar zamanta kada ya sake fita a inda Auta zai ji. Ciwonsa na ce masa ana son kashe shi, mahaifiyarsa kuma na nuna masa ɗakin mai son kashe shin. Yawancin masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su aka fi cutarwa ma. Amma idan tsautsayi ya faru, galibi a cikin gida yake faruwa, a kan wanda ya shiga cikin zargin, a lokacin da ba a shan magani. Ki faɗa mata haka ƙarara, don ba ta son ta ga ɗanta a hannun hukuma. Ke ma a yanzu kina cikin zargin, don haka har abubuwa su lafa kada ki shiga ɗakinsa ke kaɗai ki rufe ƙofa, kada ki tsaya tsakaninsa da hanyar fita in ya fusata.

Zaman bakin ƙofar ma ta rage. Awa 35 a sati awa biyar ke nan a rana, Umma kuwa ta ninka haka. Idan ya fara samun sauƙi a bar shi ya fita, ya zauna shagon Kawu awa biyu, ya yi aike, ya share ƙofar gida. A dai san da wa yake zama, don wiwi ga mai wannan ciwo fetur ne a kan wuta.

Shawarar Baffa ta farko, a'a. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, daga nan aka buɗe wasu a Daura da sauran wurare. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara ake yi. Sarƙa ba ta taɓa kashe murya ɗaya a kan mutum ba. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin irin su Auta na kada a wulaƙanta su. In Baffa ƙauye yake so, a ba shi labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta: marasa lafiya su sauka a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, su zo karɓar magani da rana su koma cikin jama'a da yamma. Duniya ta yaba wa tsarin, shi kuma daga baya ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙauyen Lambo magani ne da dangi da sakewa, na Baffa kuwa turu ne.

Ta biyun ma a ajiye ta tukuna. Aure ba allura ba ne. Hidimarsa da nauyinsa kan tayar da ciwon da ya kwanta, kuma ɗauko 'yar mutane a ɓoye mata a mayar da ita mai jinya ha'inci ne. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa taɓin hankali cikin aibobin da ke ba ɗayan ma'aurata zaɓin warware aure idan an ɓoye masa. Masu wannan lalura da dama sun yi aure sun haifi 'ya'ya suna riƙe da gidajensu. Auta ma in Allah Ya so zai yi, bayan ya daɗe a tsaye a kan magani, yana da abin yi, kuma da wadda ta sani ta amince.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar asibiti in an gan su: ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba, ya daina shan ko ruwa, muryoyin sun koma ba shi umarni, ya fara kwana da wuƙa, ko yana zancen mutuwa da cewa ya zame muku kaya. Wajen mutum 1 cikin 20 na masu wannan ciwo da hannunsu suke halaka kansu, kuma samari masu ilimi da suka fara gane abin da suka rasa suna cikin waɗanda aka fi ji wa tsoro. Tambayarsa kai tsaye, "kana tunanin kashe kanka?", ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Fiya-fiya, shinkafar ɓera da tarin magunguna a kawar da su yau. In ta kama a kai shi ba da son ransa ba, ga asibitin koyarwa na Shika kusa da ku, ga na ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna. Maza biyu ko uku da ya sani yake girmamawa sun isa, a faɗa masa gaskiyar inda za a je. Ban da gayyar samarin unguwa da igiya. Ƙin cin abincin da yake yi yanzu ma ya kusa shiga wannan sahu, shi ya sa na ce cikin satin nan.

Mijin da za ki aura ki faɗa masa da bakinki, kafin ya tsinta a majalisa, don Zariya ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Danginsa ba sai an tara su ba, amma shi ya sani. In ya tambayi gado, ga yadda lissafin yake: a cikin jama'a wajen mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa, ɗan'uwan mai ciwon na jini wajen 10 cikin 100, 'ya'yan ɗan'uwansa kuwa, wato naku, bai wuce 3 zuwa 4 cikin 100 ba. In wannan ya kore shi, gara ya kore shi yanzu da ya kore shi kina da goyo.

Wata biyar ɗin nan ki yi amfani da su wajen sauke kaya. A zauna da Kawu a raba: wa zai riƙe kati, wa zai raka shi ranar allura, wa zai biya, wa za a kira da tsakar dare. Kada ki tafi gidan miji da duk wannan a kanki, kada kuma ki bar wa Umma ita kaɗai. Satin bikin kansa a yi masa tanadi, don cinkoson mata da kiɗa da rashin barci na kwana uku sun isa su tayar da ciwo. A tambaye shi ko zai fi son ya kwana gidan Kawu a ranakun, ya zo ɗaurin aure ya koma. Tambayarsa za a yi, ba kwashe shi za a yi a ɓoye don kada baƙi su gani ba, zai gane bambancin.

Af, ko akwai wanda ya zaunar da Auta ya faɗa masa an sa ranar bikinki, ko a bakin mata ya tsinta ta taga? In ba a yi ba, idan ƙurar kunun ta lafa ki same shi da yamma, ki zauna daga gefensa ba gaba da gaba ba, ki faɗa masa ranar da unguwar da za ki zauna, da cewa duk Juma'a za ki zo. Sannan ki miƙa masa wayarki ki ce katin gayyatar ya gagare ki, ya duba miki rubutun ko akwai kuskure.